Shida-Shida a Jikin Sabulu

Litinin, 25 ga Nuwamba, bayan la'asar

'Yata Bahija ce ta kawo mini littafin nan, wai in riƙa rubuta abin da ke damuna maimakon in riƙa kiranta a waya tana tsakiyar aiki. To ga shi na fara. Abin da ke damuna shi ne Madam Itidal.

Madam Itidal ita ce babbar nas a gidan tsofaffin nan namu na Iskandariya, kuma tun da sanyi ya leƙo take yawo da kwalbar ruwan wanke hannu kamar mai tallan turare. Yau ta tara mu a falo ta jero dokokin murar bana. Ba musabaha. Ba sumbatar kumatu. Ba shan shayi a kofin wani. Mai tari ya sa takunkumi. Wanda zazzaɓi ya kama kuwa, saman bene za a kai shi a rufe ƙofa, sai ya warke.

Kaftin Zaglul, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a jirgin ruwa bai taɓa aure ba, ya ɗaga sandarsa ya ce, "To 'yata, in na haɗu da mutum da safe me zan yi masa? Haushi?"

"Ka ɗora hannu a ƙirji, Baba."

"Hannu a ƙirji ai na ta'aziyya ne. Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Shi ya sa nake magana."

Daga nan masu allurar rigakafi suka shigo da akwatinsu na ƙanƙara. Kaftin ya ce teku ba ta kashe shi ba, ba majina ce za ta kashe shi ba, ya juya ya yi ɗakinsa. Ni kuwa, Usta Shehata, da na yi shekara arba'in ina tuƙa jirgin ƙasan cikin gari, na naɗe hannun riga na miƙa. Ban yi ihu ba. Abin da maƙwabciyata Hajja Nabawiya take cewa ta ji, ƙarar ƙofa ce.

Tadros kuwa ya nuna halinsa. Tadros mai gyaran agogo ne a da, Kirista, ɗan guntun tsoho mai siraran yatsu. Ba abokina ba ne. Tawula muke bugawa kullum tsakanin la'asar da magariba, shi ke nan. Duk wanda ya san tawula ya san zahar biyu ake jefawa, 'yan ƙasusuwan nan masu ɗigo-ɗigo, abin da Allah ya ba ka da shi za ka motsa 'ya'yanka a kan allo. Ban da Tadros. Shi matse su yake yi tsakanin yatsu ya sake su a hankali, sai ka ga shida-shida, ya ɗaga kai sama ya ce, "Ikon Allah." Tun ranar da na shigo gidan nan nake ce masa ɓarawo, bai taɓa musawa ba.

Ashe mutumin da ba ya jin kunyar Allah a kan allo, allura yake tsoro. Ina fitowa daga layi ya ja ni bayan labule ya ce, "Direba, ara mini audugar nan." Ya ɓamɓare audugar da filastar da aka manna mini, ya manna a damtsensa, ya fito yana ɗingishi. Ɗingishi, a kan allurar hannu! Daidai lokacin Hajja Nabawiya ta hangi tsinin allura ta sume, kowa ya yi kanta. Madam ta waiwayo ta ga filasta ta ce, "Sannu Baba Tadros, ka yi ƙoƙari." Na yi dariya har haƙorana na roba suka goce.

Juma'a, 13 ga Disamba, bayan magariba

Na manta da littafin nan a ƙarƙashin kwalin magani.

Kaftin ya dawo daga bikin jikan wani abokinsa da kwalin alewa da dusasshiyar murya. Ya tarar Madam ta fita, sai ya bi mazan falo ɗaya bayan ɗaya yana sumbatar kumatu, dama da hagu, da ƙara, yana cewa, "Wannan na Madam, wannan na likita." Tadros har sau biyu ya samu, don ya ce na farkon bai ji ba. Ni ma na miƙa nawa. Gaskiya na yi kewar abin. Tun da aka kafa dokar nan ba wanda ya taɓa jikina sai mai awon jini.

Lahadi, 15 ga Disamba, da hantsi

An hau da Kaftin sama. Har ƙofa ta rufe muna jin yana zagin keken da aka tura shi a kai.

Lahadi, bayan magariba

Mun fara wasa, kuma a karon farko tun bayan Babbar Salla ni ne a gaba. Na tsare masa gidaje uku a jere, ɗansa ɗaya yana waje yana jiran shiga. Sai Tadros ya ce bayansa yana ciwo, kujerar ta yi sanyi, a bari sai gobe. Ƙarya ce, kaye ya hango. Na rufe allon da tawul yadda yake, na ɗauke shi a hankali na kai ɗakina, don na san halin yatsun nan.

Litinin, 16 ga Disamba, da azahar

Da safe Madam ta jera mu tana ɗana mana 'yar bindigar nan ta awon zafi a goshi. Tadros ya iso layi goshinsa a jiƙe, ya je ya manna shi a jikin firiji. Ta sa shi ya zauna gefe har ya bushe, ta sake ɗanawa. Abin ya yi kuka.

Ta ce, "Baba Tadros, a wane hannu aka yi maka allurar nan?"

"Hagu, 'yata."

"Ranar ai dama ka riƙe."

"To ciwon ne ya zagayo."

Ba ta yi dariya ba. Ta juyo ta kalle ni. Ni kuwa kalanda nake dubawa, don ina son sanin ranar da za a biya fansho.

An hau da shi. Ni ma hancina yana ɗan zuba, aka ɗaura mini takunkumi aka ce in zauna a ɗaki, za a riƙa kawo mini abinci. Jikina kalau.

Ba damuwa na yi ba. Wasa ne ya tsaya.

Talata, 17 ga Disamba, da la'asar

Na buɗe tawul na duba. Komai yana nan, ban da zahar. Ya sace su.

Laraba, 18 ga Disamba, bayan magariba

Ina zaune a barandata ina kallon masu sayar da lemo, sai wani abu ya bugi kaina. Kwando ne a bakin igiya, irin wanda matan unguwarmu suke zuro wa mai burodi daga bene. Ashe ɗakin da aka sa shi daidai saman nawa yake. A cikin kwandon gurasa ce mai taushi, an danna zahar biyu a tsakiyarta. Shida-shida.

Sai ga murya daga sama, kamar ana goga tukunya. "Direba! Fito da allon. Kada ka taɓa ɗa ko ɗaya, duk na haddace su."

Na ce, "Ɓarawo! Wa ya ga lokacin da ka jefa?"

"Allah ya gani."

"Shi ya sa ya kwantar da kai."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, na jira har ya gama. Na jawo tebur bakin baranda inda zai iya leƙowa ya gani, ya faɗi inda zan kai masa 'ya'yansa, na kai. Na ciro zahar daga gurasa na jefa nawa, na mayar a kwando, ya ja. Kafin magariba mun yi zagaye biyu. A na biyun biyar-biyar ya zuro. Mutum yana kwance da zazzaɓi amma bai fasa sata ba.

Gurasar na ba tattabaru. Ba wai na ji tsoro ba, ta yi datti ne.

Alhamis, 19 ga Disamba, bayan magariba

An kama mu. Hajja Nabawiya ce ta kai rahoto, ba don mugunta ba, wai so take a tambayi Madam ko ita ma za ta iya sa tafarnuwa a kwandon.

Madam ta shigo ɗakina da safar hannu da takunkumi biyu, ɗaya kan ɗaya. Ta ce, "Baba Shehata, na rufe bene guda, na raba cokula, na hana 'ya'yan mutane ganin iyayensu sai ta taga, ku kuma kun buɗe wa cuta hanya da igiya? Da gurasa?"

Na ce, "Cutar ai ba ta iya tawula ba."

Ta tsinke igiyar da almakashi a gabana. Da rana Tadros ya ture abinci, ya ture magani, ya juya wa bango fuska. Kafin la'asar sai ga ta ta dawo da sabuwar igiya ta roba da kwandon roba da sabulu, irin koren nan na man zaitun, ta jiƙa shi har ya yi laushi.

Ta ce, "Ga sharaɗina. A jikin sabulun nan zai riƙa danna su. In sun sauko, ka wanke su da kumfa, ka wanke hannunka har gwiwar hannu, sannan ka jefa. Ka taɓa hancinka kafin ka wanke, in ƙona allon."

Yanzu duk zagaye ɗaya sai na yi abin da ya fi alwala tsawo. Tun da uwata ta haife ni hannuna bai taɓa haske irin na yau ba.

Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Audugar nan..." Na ce mata rediyo nake saurare.

Asabar, 21 ga Disamba, da azahar

Sabuwar rigima. Tadros yana azuminsu na kafin Kirsimeti, wanda ba a cin nama ba a shan madara har bakwai ga Janairu, ranar da su suke yin Kirsimetinsu. Likita ya ce romon kaza, Tadros ya ce sai dai a ɗura wa gawarsa. Madam ta kira masa limamin cocinsu a waya, ya ce marar lafiya ba azumi a kansa. Tadros ya ce wannan yaron, wanda shi Tadros ne ya gyara wa ubansa agogon aure, ba zai koya masa addini ba.

Mutumin da yake satar shida-shida sau uku a yini, shi ne ba zai sha romo ba don tsoron Allah.

Hajja Nabawiya ta leƙo ta tagarta ta ɗaga murya: "Ku ce masa kazar ma azumi ta yi kafin a yanka ta, ba ta ci komai ba sai dawa!"

Daga sama ya ce, "Hajja, ki ji da tafarnuwarki, warinta har nan."

Ta yi murna ƙwarai, wai alamar magani yana aiki ke nan. Ta rataya tafarnuwa a ƙofarta, a wuyanta, har a jikin talabijin. Ruwan wanke hannun da aka ba ta kuwa da shi take goge tabarau.

Hancina ya daina zuba. An ce gobe zan iya fita falo.

Lahadi, 22 ga Disamba, bayan magariba

Na lallaɓi mai dafa abinci ta yi miyar adas, ƙananan waken nan, da albasa da lemon tsami, ba nama ba man shanu, ba abin da zai karya azumin kowa. Na zuba a kwano na rufe na sa a kwando na girgiza igiya. Ban lura hadari ya taso daga teku ba. Kwandon yana tsakiyar hanya iska ta kwashe shi ta maka a bango, miyar ta sauka a kan hular mai gadi.

Mai gadi ya ɗaga kai ya ce, "Usta, ruwan bana da albasa yake zuwa?"

Madam ta hana Tadros fitowa baranda har sai iska ta lafa. Ta ce zahar za su ci gaba da saukowa, amma ni zan riƙa zaɓar inda zan motsa masa 'ya'yansa. Na ce ta gaya masa zan buga masa yadda ya saba bugawa, wato kamar jaki.

Miya ta biyu ita ta hau da ita da kanta. Kwanon ya dawo da saura da yawa.

Talata, 24 ga Disamba, da hantsi

An cire kujerar Kaftin daga falo. Mai shara ta ce ya tafi wurin 'yarsa.

Kaftin ba shi da 'ya.

Talata, da la'asar

Ruwa. Kwando ya sauko sau ɗaya. Huɗu-huɗu, a karkace, da shatin babban yatsansa a jikin sabulun.

Laraba, 25 ga Disamba, da azahar

Bahija ta zo ta tsaya a bakin titi da laima, muka yi magana ta taga kamar fursuna da lauyansa. Ta ce na rame. Na ce abincin gidan nan ne. Ta ce, "Baba, yaya abokinka?" Na ce ba abokina ba ne. Ta ce to yaya wanda ba abokinka ba? Na ce ta tafi gida kada sanyi ya kama ta.

An shigo da doguwar tukunyar iskar nan ta asibiti, maza biyu suka hau da ita bene. Mutum biyar ne a sama. Ba lalle tasa ba ce.

Alhamis, 26 ga Disamba, bayan la'asar

Biyu da ɗaya.

Na daɗe ina kallonsu. An danna su a tsakiyar sabulu cif, a miƙe, an naɗe sabulun da farin bandeji mai tsabta. Kwandon ma a hankali ya sauko, bai bugi kaina ba.

Na wanke, na jefa, na mayar.

Juma'a, 27 ga Disamba, bayan sallar Juma'a

Huɗu da uku da safe. Biyar da ɗaya yanzu.

Madam ta leƙo ta ce, "Baba Tadros yana gaishe ka, ya ce Allah ya ba ka sa'a."

Na ce, "Ina amsawa."

Tadros bai taɓa gaishe ni ba. Ranar da matata ta cika shekara da rasuwa ma, abin da ya ce mini shi ne, "Jefa, direba, kuka ba ya motsa ɗa." Kuma tun da aka halicce shi bai taɓa jefa biyu da ɗaya ya bari wani ya gani ba.

Idanun Madam sun yi ja a saman takunkumi. Ma'aikata biyu sun kwanta, ita ke sama ita ke ƙasa. Matar nan ba ta iya ƙarya ba, ko a zahar.

Asabar, 28 ga Disamba, da hantsi

Uku da biyu.

Lahadi, 29 ga Disamba, da la'asar

Ga matsalar da nake ciki. Da zahar na gaskiya, Tadros ba komai ba ne. Tun ranar Alhamis nake cinye shi ta ko'ina. In na buga yadda ya kamata, kafin jibi na kwashe 'ya'yana na gama.

To yau sai na lura na bar ɗana ɗaya a fili shi kaɗai, daidai inda uku da biyunsa za su same shi. Kuskure ne. Tsufa. Da na zo motsa masa nasa kuwa, dole na buge ɗan nawa na fitar da shi waje, don amana aka ba ni.

Ba wani abu ba ne. Ba na son a ce na ci marar lafiya, shi ke nan. Cin da ba a ga fuskar wanda aka ci ba, ina daɗinsa?

Litinin, 30 ga Disamba, da azahar

Hajja Nabawiya ta kunna turaren wuta a falo don korar cuta, na'urar hayaƙi ta ɗauki kururuwa, aka kwashe mu duka zuwa tsakar gida da barguna. Ta ce ai ga shi nan, cutar ce take ihu tana fita.

Muna tsaye a waje ta matso kusa da ni, iya kusancin da doka ta yarda, ta ce, "Usta, na sa shi a addu'a. Ban sani ba ko ana sa Kirista, amma na sa. In ba a karɓa ba a dawo mini da ita."

Na ce warin tafarnuwarta yana sa idona ruwa, ta matsa.

Na sake yin kuskure a allo. Biyu ma.

Laraba, 1 ga Janairu, da safe

Jiya mutanen unguwa sun yi ta jefo tsofaffin kwalabe da faranti daga bene kamar yadda aka saba a daren sabuwar shekara, titi duk gilashi. Bara ni da Tadros muka jefa kofin shayin Madam, muka ce kyanwa ce.

Kwando bai sauko ba.

Laraba, da magariba

Bai sauko ba.

Alhamis, 2 ga Janairu, da hantsi

Motar asibiti ta tsaya a ƙofa. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na wanke hannu har gwiwa. Na sake wankewa. Da na fito ta tafi.

Mai shara ta shigo da tsintsiya, na ce mata in ta ce mini wani ya tafi wurin 'yarsa zan karya tsintsiyar nan. Ta ce ita ba ta ce komai ba. Na ce to ta ci gaba da rashin cewa.

Tadros yana da 'ya. A Kanada take. Wannan ne ya sa ba na son zancen.

Alhamis, bayan la'asar

Shida da ɗaya, a naɗe da bandeji.

Wato yana nan. Madam ba za ta zauna tana jefa wa gado babu kowa ba. Ko za ta yi? Ban san matar nan ba sosai.

Na wanke zahar ɗin na daɗe ban jefa ba. Ina jin tsoro. Na rubuta, ga shi nan, Bahija, tunda abin da kike so ke nan. Tsoro nake ji, kuma ba na wasa ba.

Juma'a, 3 ga Janairu, da la'asar

Madam ta shigo awon zafi ta tsaya tana kallon allon. Ta ce, "Baba Shehata, ni ban iya wasan nan ba. Wa ke ci?"

Na ce, "Ba kowa."

"Ba ya ƙarewa ne?"

"Wani lokaci yakan daɗe."

Ta ce, "To ya daɗe." Ta ɗana mini bindigarta a goshi, ta duba, sannan ta ɗora hannunta a kafaɗata, da safar roba da komai. Ita da ta kafa doka. Da ina da wanda zan kai wa ƙara da na kai.

Ta ce an sake kawo allurar rigakafi don waɗanda suka tsere ranar farko, mutum uku suka fito da kansu. Na ce mata ta riƙa duba ƙarƙashin filasta. Ta ce ai yanzu da kanta take mannawa, da kanta take cirewa.

Asabar, 4 ga Janairu, da azahar

'Ya'yana huɗu suna waje. Duk wanda ya ga allon nan zai rantse ban taɓa riƙe zahar ba. Mai gadi ya leƙo ta baranda ya ce, "Usta, baƙaƙen nan na waye? Allah ya ji ƙansa." Nawa ne. Na ce ya je ya wanke hularsa.

Biyar da biyu. Uku da ɗaya.

Lahadi, 5 ga Janairu, da magariba

Ruwa ya ɗauke. Na ji an ja kujera a sama. Ko gado ne. Ko ba komai.

Litinin, 6 ga Janairu, bayan la'asar

Ina zaune a baranda na sa bargo, ban ma kalli sama ba, sai ji na yi ƙwal a tsakiyar kaina. Kwandon ya yi tsalle ya sake dawowa ya buge ni a kunne.

Ba bandeji. Sabulun duk an kwakkwafe shi, zahar ɗaya a karkace, ɗaya ta kusa nutsewa, ga shatin yatsa.

Shida-shida.

Ban motsa ba. Sai na ji abu kamar ana jan buhu a ƙasa, sannan wata 'yar murya da ba ta fi ta sauro ba.

"Direba."

Na kama kwandon da hannu biyu.

"Direba, kurma ka zama? Wane jaki ne ya buga maka wasan nan? Na bar ka a gaba, na dawo na tarar da kai kamar an yi gobara."

Na ce, "Ɓarawo." Na ɗaga murya na sake cewa, "Ɓarawo! Wa ya ga lokacin da ka jefa?"

"Madam ta gani."

Daga bayansa na ji Madam tana cewa, "Ni ban ga komai ba, na ga dai ya ɗora su da hannu. Baba, koma ciki, minti ɗaya na ce!"

"Ikon Allah," in ji shi.

Na wanke zahar, na wanke hannu har gwiwa, na jefa biyu da ɗaya na mayar. Kafin in zauna kwandon ya dawo. Shida-shida kuma. Ko kunya babu. Hajja Nabawiya ta buɗe taga ta rangaɗa guɗa har tattabaru suka watse, tana cewa tafarnuwa ce, kowa ya shaida tafarnuwa ce.

Fuskata duk ta jiƙe. Sabulun nan na Madam yana da yaji, na sha gaya mata.

Talata, 7 ga Janairu, da hantsi

Yau sallarsu. Ya sha romon kaza kwano biyu, ya aiko a gaya wa mai dafa abinci gishiri ya yi kaɗan. Madam ta ce in ya ci gaba haka, mako mai zuwa zai sauko, kuma da zarar likita ya yarda za a yi masa allura a gabana, a hannu biyu in ya yi gardama. Ta ce ranar da zai sauko hannu a ƙirji kawai, ba ta son ganin kumatu. Na ce to. Za mu gani.

Ya zuro shida-shida na uku ya kwashe 'ya'yansa na ƙarshe.

Ya cinye ni. Da sata, a gaban shaidu, ranar sallarsu. Alhamdu lillahi.